Barin albashi a kama sana'a: yaya ake yi da tsoron abin da ba a sani ba?

Mai Kula da Zaure:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayoyin da suka shigo ta bayan fage a makon nan kusan duk kansu ɗaya. Akwai ma'aikacin da albashi ya daina kai shi tsakiyar wata tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, yana son komawa kiwo, amma da ya ɗauki biro zai rubuta takardar ajiye aiki sai gabansa ya yanke ya faɗi. Akwai wanda ritaya ta tunkaro shi, barci ya ƙaurace masa. Akwai kuma malamar makarantar kuɗi da take son buɗe shagon ɗinki. Don Allah kada wanda ya ce mana "a cire tsoro kawai", wannan kowa ya iya faɗa. Masu sani su faɗi abin da ake yi, ɗaya bayan ɗaya.

Adda Nas, Bauchi:
Wa alaikumus salam. Bari in fara da jiki. Faɗuwar gaba, bushewar baki, gumin tafin hannu da murɗawar ciki duk aikin sinadarin adirenalin ne. Jiki ba ya bambance maciji a ɗaki da takardar ajiye aiki, shiri ɗaya yake yi musu. Don haka faɗuwar gaba ba hujja ba ce cewa shawarar ba ta da kyau, ba kuma hujja ba ce cewa tana da kyau.

Abin da ya fi gigita mutum shi ne rashin tabbas. A 2016 an yi wani gwaji a jami'ar UCL da ke Landan, ana ɗan ɗana wa mutane lantarki a hannu. An ga hankalinsu ya fi tashi lokacin da abin yake rabi da rabi, ko a ɗana ko kada a ɗana, fiye da lokacin da suka tabbata za a ɗana. Shi ya sa mutum zai shekara biyar a aikin da yake ƙorafi a kansa kullum: wahalar ya san girmanta.

Maganin da muke koya wa mutane shi ne a mai da tsoron rubutu. Ɗauki takarda, ka raba ta gida huɗu. Gidan farko: me nake tsoro, da sunansa. "Zan tagayyara" ba suna ba ne. "Ba zan iya biyan kuɗin makarantar yara na zangon Janairu ba", wannan suna ne. Gida na biyu: me zan yi tun yanzu don kada ya faru. Na uku: in ya faru duk da haka, me zan yi a makon farko. Na huɗu, wanda aka fi mantawa: me zai same ni in na zauna yadda nake nan da shekara uku. A yi rubutun da rana bayan an ci abinci, ba ƙarfe biyun dare ba.

Akawu, Gombe:
Adda ta gama magana. Ni zan sa wa takardar lamba. Wanda zai bar albashi, kafin komai ya san abin da gidansa yake ci a wata, kuma ba da ka ba. Ya yi wata 3 yana rubuta komai: cefane, man babur, kuɗin wuta, kati da data, magani, gudummawar biki da suna, abin da ake aika wa iyaye ƙauye. Kuɗin haya da na makaranta a raba su gida 12 a zuba a ciki. Galibi abin da zai fito ya ɗara abin da mutum yake zato, domin ƙananan kuɗi ne suke ɓacewa a lissafin ka.

A ce ya fito N180,000 a wata. To ajiyar wata 6 ita ce N1,080,000. Wannan kuɗin cin gida ne, ba jari ba ne, kuma ba a asusu ɗaya za su zauna da jari ba. Kuskuren da ya fi kashe sabuwar sana'a shi ne wannan haɗin: a sayar da kaya yau, gobe a yi cefane da uwar kuɗi, a wata na huɗu shago ya zama kanta babu kaya.

Sharaɗina na ajiye aiki: sana'ar ta riga ta fara tun kana aiki, ta kawo ribar da ta kai aƙalla kashi 70 cikin 100 na cin gidanka wata 6 a jere, kuma cikin watannin nan akwai na rashin ciniki. Riba nake nufi bayan ka cire ladan yaro, sufuri, da asarar da aka yi.

Dillalin Hatsi, Tudun Hatsi:
Malam Akawu, da girmamawa, wannan lissafin 'yan ofis ne. Mai albashin N70,000 yaushe zai tara miliyan? Sai ya tsufa yana tari. Sannan kasuwa ba ta son mai ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Kana ofis ƙarfe goma mota ta sauke wake mai kyau, kafin ka tashi ƙarfe huɗu an rabe shi. Yaron da ka bari a rumfa shi zai koyi kasuwar, kai kuma ka koyi biyan asara. Wanda ya san albashi na jiransa ƙarshen wata ba ya zage damtse.

Akawu, Gombe:
Alhaji, maganarka ta biyu gaskiya ce, akwai sana'ar da ba ta yiwuwa da rabin lokaci. Amma ba cewa na yi ya zauna haka har abada ba, gwaji na ce, mai wa'adi. Ta farkon kuwa, in wata 6 ya gagara a yi 3, amma kada a yi sifili. Wanda ba shi da abincin wata ɗaya a gida dole ya karyar da kaya ranar da aka koro yaro daga makaranta, kuma ku dillalai kun fi kowa gane fuskar mai sayarwar dole.

Dillalin Hatsi, Tudun Hatsi:
Hahaha, wannan kam muna ganewa tun daga bakin ƙofa. Na karɓi wata 3.

Jami'in Mulki, Bauchi:
Kafin a yi nisa, akwai doka. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na biyar inda ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata suke, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, amma ya ware noma. To gwajin da Akawu yake faɗa, in noma ne babu matsala. In shago ne za ka zauna kana gudanarwa, ka san inda ka taka.

Na biyu, tsakanin zama da tafiya akwai wata ƙofa: hutun da babu albashi. Ana nema a rubuce ta hannun shugaban sashe, ba dole a ba ka ba, amma in an amince kujerarka tana nan. Kada ka tafi sai takardar amincewa ta zo hannunka. Wanda ya daina zuwa aiki haka kawai, korarsa za a yi, kuma kora tana iya cin haƙƙoƙinsa.

Na uku, in ajiyewar ce, a ba da sanarwa. A dokar ƙwadago, wanda ya yi shekara 5 ko fiye wata ɗaya zai bayar, shekara 2 zuwa 5 mako biyu, wata 3 zuwa shekara 2 mako ɗaya. Amma duba takardar ɗaukarka aiki, in ta faɗi wa'adin da ya fi haka shi za ka bi. Ka miƙa kayan ofis a rubuce, ka karɓi takardar shaidar ba a bin ka komai, ka biya bashin ƙungiyar ma'aikata. A rabu lafiya, domin tsohon ofishinka ne kasuwarka ta farko. Su za su fara sayen ƙwanka.

Wani Matashi, Kumo:
To ya batun fansho? An ce in mutum ya bar aiki kafin lokaci shi ke nan kuɗinsa sun tafi.

Baffa Mai Fansho, Gombe:
Ba haka ba ne ɗana. Ga wanda yake tsarin fansho na karo-karo, wato ma'aikatan tarayya da na kamfanoni, dokar 2014 ta ce ana zuba aƙalla kashi 18 cikin 100 duk wata, 8 daga ma'aikaci, 10 daga mai aikin. Asusun da sunanka yake, yana bin ka duk inda ka koma. In ka bar aiki ba ka kai shekara 50 ba, kuma ka yi wata 4 ba ka sami wani ba, kana iya neman har kashi 25 cikin 100 na abin da ke ciki. Sauran sai ka kai 50. Ma'aikacin jiha ko ƙaramar hukuma kuwa ya je ofishin fanshonsu ya tambayi tsarin da yake kai da shekarun da ake bukata kafin a cancanci garatuti da fansho. Akwai mai ajiye aiki saura 'yan watanni ya cika shekarun, don dai bai tambaya ba.

Kashi 25 ɗin nan kada a sa shi a lissafin jarin farawa. Wata 4 za a jira kafin ma a cike takarda, sannan a jira amincewa.

Ga mai ritaya: shekara 60 da haihuwa ko 35 a aiki, duk wadda ta riga. Malaman makaranta dokar 2022 ta kai su 65 ko 40. Ranar ba ɓoyayya ba ce, tun ranar da aka ɗauke ka aiki take a rubuce. Shekara 2 kafin ta zo a fara gyaran takardu: suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a NIN, BVN, fayil ɗin ofis da na kamfanin fansho. Harafi ɗaya da ya bambanta, Muhammad a nan Mohammed a can, yana riƙe kuɗin mutum watanni.

Sai babban haɗari, ranar da dunƙulen kuɗi ya shigo. Shawarata wata 3 kada a taɓa shi sai don ci da biyan bashi. A lokacin ne masu "kawo mu juya maka" suke fitowa. MMM, wata harkar juya kuɗi ta damfara, ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, irinta CBEX ta yi haka a Afrilun 2025, kuma salon bai canja ba: riba mai yawa, tabbatacciya, cikin wata ɗaya, ka kawo wani a ƙara maka. Babu halastaccen kasuwancin da yake lamunce riba.

Likitan Dabbobi, Kumo:
Tunda mai tambaya ta farko kiwo ya ambata, ga yadda ƙaramin gwaji yake a kajin nama. Fara da 50, kada ka wuce 100. Manufar zagayen farko koyo ne, in an mai da uwar kuɗi an gode Allah.

Lissafi: kaza ɗaya tana cin kilo 4 zuwa 4.5 kafin ta kai mako 6 zuwa 7. Kaji 50 ke nan buhu 9 mai kilo 25, kaji 100 buhu 18. Abinci shi ne wajen kashi biyu cikin uku na duk kuɗin da za ka kashe. Kada ka sayi 'yan tsaki sai kuɗin abincin nan gaba ɗaya yana hannu. Abin da ke faruwa kullum shi ne mutum ya sayi 200 da kuɗin da zai ciyar da 80, a mako na huɗu, lokacin da cinsu ya buɗe, kuɗi ya ƙare, ya koma ba su dusa, su tsaya cak ba girma.

Ɗaki: kada a wuce kaji 10 a murabba'in mita ɗaya, a zafinmu ma 8 ya fi. A wanke, a fesa magani, a bar shi ya sha iska mako 2. A shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko dusar katako. Makon farko zafin wurin ya kai digiri 32 zuwa 34, ana rage wajen 3 duk mako. In babu ma'auni kalli tsakin: sun cure jikin wuta, sanyi suke ji, sun gudu gefe suna haki, zafi ya yi yawa, sun bazu suna ci, daidai ne. In gawayi ake amfani da shi a bar kafar iska, hayaƙinsa yana kashe su cikin dare.

Rigakafi: na cutar Gumboro, da Lasota wanda yake na cutar Newcastle, a bi jadawalin da kamfanin ƙyanƙyasa ya bayar. Inda ake kuskure shi ne sanyi da ruwa. Maganin ya zo cikin ƙanƙara, a ɗauke musu ruwa awa ɗaya zuwa biyu don su ji ƙishi, a haɗa da ruwan rijiya ko na burtsatse, ba na famfo mai kulorin ba, su shanye cikin awa biyu. Ka sa asarar kaji 5 cikin 100 a lissafi tun farko, don ranar da ka tarar da biyu a mace kada ka ce an yi maka baki.

Lokaci: sabon shiga kada ya sa kajinsa su girma a Maris da Afrilu. Zafin Gombe a lokacin yana haura digiri 40, kuma manyan ne suke fara faɗuwa. A lissafa baya daga ranar kasuwa, mako 7 kafin ƙaramar Sallah ko Kirsimeti. Kuma a san mai saye kafin a sayi tsaki: masu gashi, gidajen abinci, maƙwabta. Kazar da ta kai sayarwa ba a sayar ba, duk kwanan da ta ƙara ribarka take ci.

Dillalin Hatsi, Tudun Hatsi:
Haka abin yake a hatsi. Mai koyo ya fara da buhu 5 zuwa 10, ba tirela ba. A saya da kaka, Nuwamba zuwa Disamba. Ciji ƙwayar, in ta fashe ƙaras ta bushe, in ta lotsa akwai danshi, za ta yi fumfuna. Sa hannu har tsakiyar buhu, sama ba ta faɗin gaskiya. Wake a zuba shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ƙwaro zai mutu ba tare da an zuba guba ba. A ɗora kan katako, nesa da bango, a yi maganin ɓera, domin huda ɗaya ta lalata aikin.

Amma kada wanda ya ce maka ajiya ba ta faɗuwa. Waɗanda suka tara masara a kakar 2024 suna jiran tashi sun ga yadda farashi ya sauko a 2025. Don haka tun ranar saye ka yanke farashi biyu: wanda in an kai za ka sayar ba kwaɗayin ƙari, da wanda in an sauko gare shi za ka sayar da rabi ka tsira da sauran jari.

Adda Nas, Bauchi:
Abin da Likita da Alhaji suka faɗa, a asibiti ma da shi ake maganin tsoro: tunkara kaɗan-kaɗan. Duk ranar da ka kauce wa abin da kake tsoro za ka ji sanyi a ranka nan take, kuma wannan sanyin ne yake koya wa ƙwaƙwalwa cewa gudun ne ya cece ka. Gobe tsoron ya ƙaru. To sai a jera matakai kamar 8 zuwa 10, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, a ba kowanne maki daga 0 zuwa 10 gwargwadon faɗuwar gaban da yake jawowa. Misali: tambayar farashin abincin kaji a shago uku, maki 2. Wuni guda a gonar wani mai kiwo, 3. Gaya wa mai ɗaki, 6. Sayen tsaki 50, 7. Tallata kaza ga abokin aiki, wataƙila 8, don kunya ta fi asara yi wa ɗan boko nauyi. A fara da na 2 ko 3, a maimaita har makinsa ya ragu da rabi, sannan a hau na gaba. Wanda ya yi tsalle zuwa 9 ya firgita, yakan dawo ƙasa da inda ya fara.

In gaba ya faɗi sosai: ja numfashi ta hanci kana ƙirga 4, sake shi a hankali kana ƙirga 6, minti 3 zuwa 5. Fitarwar ce take kwantar da bugun zuciya. A rage goro, kofi da lemon ƙarin kuzari, musamman bayan la'asar.

Malamin Islamiyya, Azare:
Allah ya saka da alheri. Masu cewa lissafin nan rashin tawakkali ne su duba Ali Imrana aya ta 159: shawara aka fara ambata, sannan ƙudurin niyya, sannan dogaro ga Allah. Haka jerin yake. Kuma hadisin mai raƙumi da Tirmizi ya ruwaito sananne ne, aka ce masa ya ɗaure raƙumin sannan ya yi tawakkali.

Istihara kuma ana yawan kuskure a kanta. Raka'a biyu ce ta nafila, sai addu'ar da ta zo a hadisin Jabir cikin Buhari, ka ambaci bukatarka da sunanta. Kai za ka yi da kanka, ba a biyan wani ya kwana ya gano maka. Mafarki ba sharaɗi ba ne. Bayan ka yi, ka ci gaba da abin da bincike da shawara suka nuna, in alheri ne Allah ya sauƙaƙe, in ba haka ba ya kawar da shi. Wanda ya shekara yana cewa "ban ga komai ba tukuna", a gaskiya tsoro ne ya sa masa rawani.

Shawara kuma a nemi wanda ya yi abin, har da wanda ya yi ya faɗi, shi ya fi sanin inda ramin yake. Mutum biyu ko uku sun isa. In ka kai maganar majalisa, mutum goma za su ba ka tsoro goma.

Hajiya Mai Ɗinki, Wunti:
Bari in amsa wa malamar nan, naga maza sun tafi da zancen kaji. Ƙanwata, kada ki fara da kama shago. Hayar shekara, teburin yanka, fenti da janareta za su cinye jarin kafin ki ɗinka riga ɗaya. Fara a gida da keke mai takawa, wanda ba ruwansa da wuta, da dutsen guga na gawayi. Aikin surfani da sa dutse ki kai wa masu injin ki biya, har cinikin ya nuna ya kamata ki sayi naki.

In hannunki bai faɗa ba, ki zauna ƙarƙashin wata wata 6 zuwa shekara, da yamma da ranakun hutu. Yanka ake koyo, ɗinki kowa na yi. Ki san shekarar tela: daga Sha'aban zuwa daren Sallah ba barci, kafin babbar Sallah a ɗan taɓa, bayanta kasuwa ta kwanta sai bukukuwa. Abin da yake riƙe tela a watannin shiru shi ne kayan makaranta a Agusta da Satumba, kuma ke kin fi kowa hanyar samunsu, tunda kin san masu makarantu da iyayen yara. Don haka kada ki fita da faɗa, ki bari zango ya ƙare ki ba da sanarwa.

Kuɗi: rabi kafin almakashi ya taɓa atamfa, sauran ranar karɓa. Littafi ɗaya na awo da ranar alkawari. Kada ki karɓi abin da ya fi ƙarfinki a azumi. In kina gama kaya 2 a rana, kwana 25 kaya 50 ne, na 51 ki ce a yi haƙuri. Saɓa alkawarin Sallah ɗaya yana korar gida guda da danginsu. Bashin 'yan uwa kuwa ki yanke masa iyaka tun ranar farko, in ba haka ba ke za ki riƙa sayen zare kina yi musu kyauta.

Wata 'Yar Uwa, Bajoga:
Hajiya, in maigida ko iyaye ba su goyi baya ba fa? Wani lokacin tsoron nasu ya fi na mai abin.

Hajiya Mai Ɗinki, Wunti:
Ba a kai musu buri, lissafi ake kai musu. Kuma ba a tsakiyar rigimar kuɗin cefane ba. Ki ce ga abin da nake samu yanzu, ga abin da ɗinkin yamma ya kawo wata huɗu, ga littafin. Ga ranar da in bai kai kaza ba zan koma koyarwa. Mutum yana saurin yarda da abin da ya ga yana da ƙofar dawowa. Haka maza ma, ku gaya wa matanku tun ana shiri. Ita za ta riƙe tukunya a watannin ƙunci, bai kamata ta ji labari a bakin maƙwabta ba.

Akawu, Gombe:
Ƙofar dawowar nan a rubuta ta da lamba da kwanan wata tun kafin a fara, lokacin da kai yake a sanyaye. Misali: in ajiyar gida ta sauko zuwa ta wata 2, ko an yi zagaye 3 a jere ana faɗuwa, zan tsaya in nemi aiki. In ba a rubuta ba, abin da ke biyo baya shi ne "na riga na zuba da yawa", sai a sayar da fili, sai a ci bashi mai ruwa a manhajar waya. Kada a sa gidan zama jingina, kada a fara da bashin da ake biya duk wata alhali sana'ar sai bayan wata uku take kawo kuɗi. Adashi ya fi, in ka san mutanen.

Wani abu da ake mantawa: inshorar lafiya. Ma'aikacin tarayya tana ɗauke da shi da matarsa da yara 4 'yan ƙasa da shekara 18, kuma tana tafiya tare da aikin. Kafin ka fita ka je GoHealth in kana Gombe, ko BASHCMA in kana Bauchi, ka tambayi tsarin masu zaman kansu. Tiyata ɗaya ta gaggawa tana iya cinye jarin shekara.

Baffa Mai Fansho, Gombe:
Ga 'yan uwana masu ritaya, ba kuɗi kaɗai ba ne. Mutum ya shekara 35 ana jiransa ƙarfe takwas, ana ce masa ranka ya daɗe, rana ɗaya waya ta yi shiru. Wannan yana kwantar da mutum fiye da rashin albashi. Tun kafin ranar a tsara mako: lokacin tashi kada ya canja, tafiyar ƙafa minti 30 bayan asuba, wuri ɗaya da ake jiranka aƙalla sau 3 a mako, ko gona a Dadin Kowa, ko kwamitin masallaci ko na coci, ko koyar da yara lissafi. A riƙa auna hawan jini da suga, don a wannan shekarun ne suke bayyana.

Wani Matashi, Kumo:
Adda, an ce kwana 21 ake yi sabon hali ya zauna. Gaskiya ne? Mutane da yawa suna farawa da zafi, mako uku su watsar.

Adda Nas, Bauchi:
Ba haka bincike ya nuna ba ƙanena. Wanda aka yi a Landan a 2009 ya sami matsakaicin kwana 66, wasu 18, wasu har 254, gwargwadon nauyin abin. Kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Masu watsarwa a mako na uku sun ɗauka sun gaza ne, alhali ko rabi ba su kai ba. Dabara ita ce a ɗaura sabon abu a jikin wanda ya riga ya zauna: bayan sallar isha'i, minti 10 na rubuta shige da ficen kuɗin yau. Abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya ce daga gobe zai bar sigari, ya fara gudu, ya koyi kwamfuta, ya buɗe shago, ba ko ɗaya da zai kai wata.

Sai iyakar da zancen zaure ya ƙare, asibiti ya karɓa. In fargaba ta kai wata 6 kusan kullum tana hana aiki da barci, ko an yi mako 2 cikin baƙin ciki, ba sha'awar komai, ba cin abinci, a ga likita. In tunanin kashe kai ya zo, ranar za a je, kuma kada a bar mutum shi kaɗai. Asibitin koyarwa na ATBU a Bauchi da asibitin koyarwa na tarayya a Gombe suna da likitocin wannan fanni. Firgicin da ke taso wa mutum farat ɗaya, zuciya na dukan uku-uku kamar zai mutu, yakan kai ƙarshen ƙarfinsa cikin minti 10 ya sauka, amma karon farko a je a duba zuciya, musamman in akwai ciwon ƙirji ko an haura shekara 40. Kada a sayi diyazefam ko taramol a kemis don a sami barci, cikin 'yan makonni jiki yake sabawa. Kuma mai cikin wannan hali ya jinkirta ajiye aiki har ya warware.

Wani Matashi, Kumo:
Likita, tambaya ta ƙarshe. In mutum ya riga ya sayi tsakin kuma zafi ya same su fa?

Likitan Dabbobi, Kumo:
A ɗauke abinci daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, don narkar da abinci yana ƙara musu zafin jiki, a ba su da asuba da bayan la'asar, a kunna fitila su ci da dare. Ruwa kuwa kada ya yanke ko minti ɗaya: a ninka mazuban, a canja shi sau 3 a rana, randa ko tankin ya zauna a inuwa, a sa sinadarin bitamin C ko na gishirin jiki. A ɗage labulen buhu duka iska ta ratsa, a shimfiɗa ciyawa ko zana a kan kwanon rufi a riƙa yayyafa mata ruwa da tsakar rana, amma kada shimfiɗar ƙasa ta jiƙe. Kada a kama su ko a yi musu rigakafi da rana. In sun kai kilo 1.8 zuwa 2, fara sayar da manyan tun yanzu, sauran su sami fili.